Agogo Ɗaya, Rana Daban

Ƙarfe huɗu na yamma wayata ta yi ƙara. Inna ce. Ta juya mini kyamara in ga tsakar gidanmu a Zariya: rana tar a jikin bango, ƙanwata tana kwashe shanya. Ni ma na juya mata tawa. Fitilun titi sun kama, duhu ya rufe Hamburg.

"Kai kuwa ƙarfe nawa ne a wurinku?"

Na ce, "Huɗu, Inna, daidai da naku."

Ta yi jim, sannan ta ce, "Ikon Allah."

Gaskiya na faɗa mata. A lokacin sanyi agogon Jamus da na Najeriya ɗaya ne, ranar ce kowa da tasa.

Ƙarshen Oktoba na sauka, domin horon sanin makamar aiki na wata shida a wani kamfanin jigilar kaya kusa da tashar jiragen ruwa ta kogin Elbe. Na zo da rigar sanyi ta gwanjo da na saya a Sabon Gari, ina ganin na gama shiri. Ai na san hunturu: ƙura, tsagewar leɓe, man kaɗanya. Amma hunturunmu yana da tausayi, da hantsi ya yi sai tsofaffi su fito bakin zaure su sha rana. Sanyin Hamburg jiƙaƙƙe ne, yayyafi da iska, yana bin ɗinkin riga har ya sami ƙashi. Ranar ma in ta leƙo, haske ne kawai, ba ta da ɗumi.

A Disamba rana kan fito wajen takwas da rabi, ta faɗi ƙarfe huɗu. In fita cikin duhu, in dawo cikin duhu. Azahar sha biyu da 'yan mintuna, la'asar kafin biyu, magariba huɗu. Salloli uku kenan a cikin lokacin aiki, duk a wani ɗan ɗakin ajiyar takardu nake yin su.

Sauran abubuwa da kunya na koye su. Lahadin farko shayi da biskit na kwana a kansu, don ban san kantuna ba sa buɗewa ranar ba. Na yi mako biyu ina zubar da robobin ruwa kafin a gaya mini kowace ɗaya santi 25 ce in an mayar da ita kanti. Gaisuwa kuwa kalma ɗaya ce, "Moin", an wuce wurin. Babu ina kwana, babu ina gajiya, balle ya mutanen gida.

Maƙwabciyata tsohuwa ce, za ta yi sa'ar kakata. Huldarmu ta fara ne da takardar da ta liƙa mini a ƙofa: bayan ƙarfe goma na dare ba a ɗaga murya. Hirar da nake yi da abokaina a waya ce ta dame ta. Abin ya yi mini ciwo, na rage kiran. Daga baya na daina gaba ɗaya, ba don ita ba, sai don ba ni da abin faɗa. Barci ba ya isata, abinci ba ya yi mini daɗi. Wani dare na buɗe waya ina duba kuɗin jirgin komawa gida, na tuna bashin da Baba ya ci kafin a haɗa mini kuɗin tafiya, na kife wayar. Idan Inna ta tambaya, lafiya lau nake ce mata.

Ana cikin hutun Kirsimeti, kwana uku ban taka waje ba, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Tsohuwar ce. Da ɗan Jamusancin da nake tsinta na gane abin da take cewa: ta kwana biyu ba ta jin motsina, lafiya? Ta leƙa ɗakin, ta ga gumi yana bin gilashi, ta wuce kai tsaye ta wangale taga. Na ɗauka ta zautu. Ta ce haka ake yi kullum, minti biyar zuwa goma, in ba haka ba bango ya yi funfuna, mutum ma ya yi. Ta ce in riƙa fita da tsakar rana ko da yayyafi ake, in kuma tambayi likita batun bitamin D. Ashe kunnen da ya hana ni hira shi ne yake gadina.

Juma'ar da ta biyo baya na je masallaci a wajen Steindamm, kusa da babbar tashar jirgin ƙasa. Ina neman takalmina na ji wani dattijo yana waya da Hausa, irin ta Zangon Kumasi. Hamburg cike take da 'yan Ghana. Na tsaya har ya gama, na ce, "Baba, barka da Juma'a." Ya dube ni, ya riƙe hannuna bai sake ba. Ya tambayi gida, ya tambayi iyaye, ya tambayi sanyi. Ranar a gidansa na ci shinkafa da wake, har da yaji.

Ba zan ce komai ya warware ba. Har yau akwai safiyar da nake jin bargo ya fi ni ƙarfi. Amma ina buɗe taga, ina zagaya bakin ruwa a hutun rana, ranar Asabar kuma ina hau wa tsohuwar da kayan cefanenta bene.

Jiya, tsakiyar Fabrairu, Inna ta kira ƙarfe biyar. Na juya mata kyamara, da sauran haske a sama.

"A'a, yau an sako muku ranar?"

Na ce an fara. Sai ta shiga ba ni labarin sanyin da suka sha bana, wai har ruwan randa ba ya taɓuwa. Na ce, "Sannu Inna, Allah ya kawo sauƙi." Ban yi mata gardama ba.