Lauyan Safiya da Ɗan Maƙwabcina

Ranar 9 ga Oktoba, 2001, Babbar Kotun Shari'ar Musulunci ta Gwadabawa ta yanke wa Safiya Hussaini ta Tungar Tudu hukuncin jefewa. Bazawara ce mai goyo, kuma babu lauya a gefenta. Cikin da ta haifa da abin da ta furta da bakinta su aka riƙe hujja. Namijin da aka ambata ya musanta, babu shaidu huɗu, aka sallame shi. Da magana ta kai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Sakkwato, wanda ya ja ragamar lauyoyinta shi ne Barista Abdulƙadir Imam Ibrahim. Sunansa ya cika rediyo a watannin nan, amma a bakin mutane irina ba da alheri ake ambatonsa ba.

Sai wanda ya ga lokacin zai gane zafin da zukata ke ciki. Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau a Oktoban 1999, gwamnatin Bafarawa a Sakkwato ta bi sahu, talaka na ganin ga ƙarshen cin hanci da zalunci ya zo. Sai ga Turai ta taso a kan maganar Safiya, ana zanga-zanga a Italiya, ana aiko da wasiƙu. Muka ji kamar addininmu aka taso wa, muka haɗa lauyan da masu zanga-zangar muka yi musu kuɗin goro. Ina koyarwa a firamare a nan Dingyaɗi a lokacin. A majalisarmu ta bayan isha'i na sha faɗin cewa mutumin nan ya sayar da lahirarsa, kuma aikin lauya bai wuce a biya shi ya wanke mai laifi ba. Ban taɓa ganinsa ba, ban san hujja ɗaya daga cikin waɗanda ya gabatar ba. Amma da yake ni malamin makaranta ne mai jin Turanci, ana ɗaukar maganata da nauyi.

Wannan ƙyama tana da tushe. Tun zamanin Turawa doka ta hana lauyoyi tsayawa a kotunan alƙalai na Arewa, haka aka ci gaba bayan an mayar da su kotunan yanki, sai a shekarun 1980 manyan kotuna suka buɗe musu ƙofa bisa tsarin mulkin 1979. Arewa ba ta ma samu lauyanta na farko ba sai a 1955, wato Alhaji Abdulganiyu Abdulrazaƙ na Ilori. Iyayenmu sun tashi sun san alƙali da muhuti da dogari. Baƙar riga da farar hular gashi kayan baƙi ne a idonsu, mu kuma muka gada.

Da a ce maganata ta tsaya a majalisa, da sauƙi. Ba a daɗe ba aka kama ɗan maƙwabcina tare da wasu samari a kan babur da aka ƙwace a hanyar Sakkwato. Yaro ne mai koyon ɗinki, na koyar da shi a aji. Uban ya same ni da asuba a ƙofar masallaci ya ce, "Malam, an ce in nemo lauya. Mi kag gani?" Na ce masa kada ya ɓata tumakinsa. Na ce ɗaukar lauya kamar amsa laifi ne, in yaron na da gaskiya gaskiyarsa za ta fid da shi. Ya yi mini godiya ya tafi.

Abin da ban sani ba shi ne yadda abin yake tafiya. Yaron ya dangwala yatsa a kan takardar bayani da aka rubuta da Turancin da ba ya iya karantawa. A takardar tuhuma fashi aka rubuta, ba sata ba. Ƙaramar kotu ba ta da hurumin sauraren fashi da makami, iyakarta ta tura mutum gidan yari ya jira a duba fayil a ba da shawara. Lauya ne ya san a je babbar kotu neman beli, ya san wa za a bi a tambayi inda fayil ya kwana. Yaron nan ba shi da mai bi. Shekaru suka shige yana cikin masu jiran shari'a, waɗanda har yau su ne kusan biyu cikin kowane uku na mutanen da ke gidajen yarin Nijeriya.

Wanda ya fara warware mini tunani kawuna ne, tsohon muhuti tun zamanin En'e. Wata rana ya ji ina maimaita zancen lauyan Safiya, bayan kotu ta sallame ta ranar 25 ga Maris, 2002. Ya bari mutane suka watse, ya ce, "Ɗana, wagga magana da kaka yi, karanta ta ka yi ko ji?" Ya shiga zaure ya fito da Tuhfa ta Ibn Asim, littafin da alƙalan ƙasar nan suka daɗe suna aiki da shi. Ya nuna mini babin wakilci, inda fiƙihu ya yarda wani ya tsaya wa wani a gaban alƙali. Ya nuna mini i'izari, wato kafin alƙali ya yanke hukunci dole ya tambayi wanda ake tuhuma ko yana da sauran abin kare kansa. Ya tuna mini labarin Ma'izu, yadda Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi ta kau da kai daga furucinsa, ya yi ta yi masa tambayoyin da za su ba shi mafita. Ya ce a mazhabarmu wanda ya yi iƙirarin zina yana da damar janyewa, kuma inda shubuha ta shigo haddi ya faɗi. Duk wannan na taɓa jinsa a makarantar zaure, fushi ne ya rufe mini shi.

Daga baya na ga bayanan shari'ar kansu, waɗanda Philip Ostien na Jami'ar Jos ya tattara aka buga a 2007. Na karanta ina neman inda lauyan ya soki Shari'a, ban samu ba. Da ita ya yi yaƙin. Ya ce ba a bayyana wa matar abin da zina take nufi a hukunce ba, ba a faɗi rana da wurin da aka yi laifin ba. Ya ce ta janye furucinta. Ya kawo mas'alar kwantaccen ciki, cewa a wurin Malikawa ciki na iya daɗewa har shekara biyar, don haka ana iya jingina ɗa ga tsohon miji. Ya kuma nuna cewa abin da ake tuhumarta da shi ya faru kafin dokar hukunta laifuka ta Shari'a ta fara aiki a jihar a Janairun 2001, alhali sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya hana a hukunta mutum da dokar da ba ta nan a lokacin da ya aikata abu. Alƙalan da suka karɓi waɗannan hujjoji malaman fiƙihu ne 'yan Sakkwato, ba baƙi ba. Kunya ta kama ni ƙwarai, ni da na tashi kusa da Sifawa inda Shehu ya zauna, da Boɗinga inda Malam Abdullahi mai Liya'ul Hukkami ya zauna, a ce ban gane aikin fiƙihu ba da na gan shi don kawai mai yinsa ya yi boko.

Hanyar da lauyan Safiya ya share ita aka bi a Katsina. A watan Maris na 2002 kotun Bakori ta yanke wa Amina Lawal ta Kurami irin wannan hukunci, kotun Funtuwa ta tabbatar a Agusta, sai ranar 25 ga Satumba, 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta soke shi, da Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim a cikin masu kare ta. A ɗaya gefen akwai Buba Bello Jangebe da aka yanke wa hannu a Zamfara a Maris 2000, da Sani Yakubu Rodi da aka rataye a Kaduna a Janairun 2002. Ba ina cewa ba su yi laifi ba. Abin da nake cewa shi ne babu lauyan da ya tsaya musu, kuma hukuncinsu bai je gaban wata kotu ta sama ta sake dubawa ba, alhali hannu da rai ba su dawowa.

Ɗan maƙwabcina ya fito ne ta hannun wani matashin lauya mai bautar ƙasa, wanda ke zagaya gidan yari a ƙarƙashin Hukumar Ba da Agajin Shari'a, hukumar da ke nan tun 1976 kuma ba ta karɓar kuɗin talaka. Ya tono fayil, ya matsa aka sa rana, babu shaidan da ya zo, kotu ta kori ƙarar. Ke nan ko tumakin da na ce a adana ba lalle a taɓa su ba, da na san abin da nake faɗa.

Na je wurin uban na ce, "Baba, shawarata ce ta zaunar da ɗanka, ka yafe mini." Ya ce ƙaddara ce, ya yafe duniya da lahira. Yaron ya dawo ya tarar mahaifiyarsa ta rasu, an aurar da yarinyar da yake nema, kuma idonsa ya yi raunin da ba ya iya zura zare a allura. Na nemi gafararsa shi ma, ya ce ba komai, Malam. Yanzu yana dako a kasuwa a Sakkwato, kuma duk wata ina aika wa iyalinsa abin da ya sawwaƙa daga fanshona.