Tirmini a Lokacin Kaka: Inda Damin Hatsi Yake Riƙe da Ƙasa

Wanda ya fito daga birnin Damagaram, wato Zinder, ya yi yamma, kan babbar kwaltar da ke zuwa Tasawa da Maraɗi har Yamai, ba zai yi nisa ba zai iso Tirmini. Motocin haya sukan ɗan rage gudu su wuce, fasinja kuma ba ya ganin komai sai rumfunan bakin hanya da ƴan talla. Sai mutum ya sauka ya bi turbar amalanke cikin yashi sannan zai ga ainihin garin, wato gonakinsa. A watan Oktoba duk inda ka juya kara ne a tsaye, an yanke zangarniya, an ɗaure damma an jingine su, yara na kora shanun amalanke zuwa rumbuna. Gaisuwar ma ta lokacin ce: ina gajiya, yaya aiki, yaya amfanin bana?

Sunan Tirmini ya shiga littattafai ne ta hanyar yaƙi. A nan, ƙarshen watan Yuli na 1899, rundunar Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga ta tari sojojin Faransa, shekara guda bayan an kashe Kyaftin Kazamaju na Faransa a Zinder. Bindigar Nasara ta rinjayi dawaki, birni ya faɗa hannunsu. Ƙarshen Yuli kuwa tsakiyar damina ne, lokacin maimai, don haka wataƙila dakarun da suka fito ranar da yawansu hauya suka ajiye. Daular da Sarki Tanimu ya ɗaukaka, da ganuwarta da ayarinta masu zuwa Tarabulus, da hatsin ƙauyuka irin wannan aka ciyar da ita. Gwamnatoci sun zo sun tafi, amma wanda ke ciyarwa bai sauya ba.

Ƙasar jigawa ce, yashi mai laushi, nan da can duwatsu sun ɓullo. Ruwan da ake samu a shekara bai cika wuce milimita 400 da wani abu ba, kuma duk cikin wata uku zuwa huɗu yake sauka. Saboda haka manomi ba ya zuba ƙwansa a kan abu ɗaya. A gona guda za ka ga gero, wanda a nan ake ce wa hatsi kawai, ga wake yana yaɗo a tsakanin kunya, ga dawa a inda ƙasa ta ɗan yi nauyi, ga yakuwa ta zagaye iyaka, mata kuma na da ƴan gamanarsu na gujiya da riɗi. In hatsi ya ƙi, wake ya rufa asiri. Kayan aikin su ne dai sungumi don shuka da doguwar hauyar nan da ake turawa a tsaye, wadda ta dace da yashi.

Abin da ya fi ɗaukar idon baƙo shi ne gawo. Itace ne mai halin kansa: da damina yana kaɗe ganye, don haka ba ya yi wa shuka inuwa, ganyen kuma ya zama taki, da rani sai ya yi kore, ƴaƴansa su ciyar da awaki da tumaki. Ko daga nesa ana gane bambanci, domin karan da ke gindinsa ya fi kauri da tsawo. Dattawan Damagaram suna ba da labarin cewa Tanimu ya sa hukunci mai tsanani kan duk wanda ya sare gawo. Bayan farin 1984, manoman jihohin Maraɗi da Zinder suka koma barin tohon itatuwa a gona suna yi musu aski maimakon tumɓukewa, abin da ake kira sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta haka aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, kuma Magariya da Matamaye da Mirya, maƙwabtan Tirmini, suna cikin inda aikin ya fi bayyana. Babu wata babbar ma'aikata da ta dasa su. Adda ce da haƙuri.

Idan ana lissafin arzikin Nijar a Yamai, yuraniyom na Arlit da man fetur na Agadem ake fara ambata, da matatar SORAZ da aka buɗe arewa da Zinder a 2011. Amma noma da kiwo su ne ke ba da kusan kashi 40 cikin 100 na abin da ƙasar ke samarwa, kuma kusan mutum 8 cikin 10 da su suke rayuwa. A Tirmini ana ganin ma'anar wannan lissafi da ido. Shekarar da rumbu ya cika, tela yana samun ɗinki, magini yana samun aiki, ana ɗaura aure, ana biyan haraji, mai kanti a Kasuwar Dole ta Zinder yana ganin ciniki. Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, ko murzuna ta cinye zangarniya, duk waɗannan sai su tsaya cik, samari su kama hanyar cirani zuwa Kano ko Libiya tun kafin a gama sussuka.

Jihar Zinder ta taɓa sanin abin da ake kira amfanin sayarwa. Kafin yuraniyom, gujiya, wato gyaɗa, ita ce babbar hajar da Nijar ke fitarwa waje, kuma kudancin Damagaram na cikin cibiyoyinta. A 1962 aka kafa kamfanin SONARA don sayenta. Farin 1973 da cutar da ta biyo baya suka karya ta. Yau wake ne ya gaje ta, har Nijar na sahun gaba a duniya wajen nomansa, bayan Najeriya. Daga nan buhuna kan bi ta Takeita, inda hanya ta rabu zuwa Matamaye da iyakar Ɗan Barto, su dire a kasuwanni irin su Mai'aduwa da Dawanau ta Kano. Shi ya sa manomin da bai taɓa shiga banki ba ya san canjin naira da sefa sarai. Da Najeriya ta rufe iyaka a watan Agusta na 2019, da kuma lokacin takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin Yuli na 2023, a bakin tiya aka fara jin zafin abin.

Tiyar nan, kwanon awo, ita ce ke ba da labarin da ya fi muhimmanci. Da kaka kowa na kawo hatsi da wake kasuwa a lokaci guda, domin bashin damina na jira, ga magani, ga biki, ga kuɗin motar ɗan cirani. Farashi sai ya faɗi. Ƴan kasuwa masu jari su saya su kimsa a sito. Idan bazara ta yi, rumbu ya yi ƙasa, manomin nan shi ne zai dawo ya sayi hatsi da tsada, wani lokaci ta hanyar sayar da akuya, ko ya bar tasa gonar ya je ƙwadago a ta wani a daidai lokacin da ciyawa ke cin shukarsa. Gumi na Tirmini, riba ta mai sito. Hukumar gwamnati mai kula da kayan abinci, OPVN, takan fito da hatsi a farashi mai rahusa, wasu ƙungiyoyin manoma kuma suna ajiye amfaninsu a sito ɗaya a matsayin jingina, su karɓi rance, su sayar idan kaya sun yi daraja. Inda wannan dabara ta kafu, tana rage asara ƙwarai, sai dai ba ta kai ko'ina ba.

Ga kuma ƙarancin fili. A ƙidayar 2012 jihar Zinder ce ta fi kowace yawan jama'a, sama da miliyan 3 da rabi. Gandun da kaka ya noma shi kaɗai yanzu jikoki ne suka yanyanka, an daina barin saura ta huta, ƙuduji kuma yana bin ƙasar da ta gaji. Abin da a da ake bari a gona, kara da harawa, yanzu kwashewa ake yi a ɗora bisa itace ko rufin ɗaki, domin da rani kuɗi ne. Makiyayin da ya gangaro daga Damargu da garkensa yakan tarar da gona a share, kuma nan ne sau da yawa gardama ke tashi.

Da yamma sautin taɓarya ke cika unguwanni, hayaƙi na tashi, ana dama fura da sabon hatsi. Hirar maza a bakin masallaci ba ta wuce dami nawa wane ya samu, a fitar da ɗaya cikin goma na zakka, a ga ko sauran zai kai iyali zuwa shuka. A 2012 gwamnati ta ƙaddamar da shirin 3N, mai cewa ƴan Nijar su ciyar da ƴan Nijar. Mutanen nan sun daɗe suna yin hakan. Abin da suke nema bai da yawa: iri mai saurin nuna irin HKP ya iso kafin ruwan farko, taki a kan lokaci, ruwan da za a yi lambu da rani, da sito da rancen da zai hana su zubar da amfani a watan Nuwamba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma ƙasar da ke son masana'antu dole ta fara da barin wani abu a hannun mai hauya.