Hunturu, Ƙwallo da Rufin Aji Shida

 Duk wanda ya kwana a zangon Kumasi tsakanin watan Disamba da na Fabrairu ya san yadda hunturu yake yi da mu. Da asuba hazo ya rufe gari, har ba a hango hasumiyar masallaci daga bakin titi. Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, kowa yana neman man kaɗanya. Mu malaman makaranta kuwa alamarmu daban ce. Mukan zo da safe mu tarar ƙura ta kwanta a kan bencina, rabin yara sun makara saboda tsoron ruwan wanka, sauran kuma sun tsaya wajen mai koko da ƙosai suna ɗumama hannu. To, a hunturun da ya wuce ne wani al'amari ya same mu a makarantarmu, muka ga ya kamata mu ba ku labari, ko wani zango ya amfana.

Da farko bari mu gaya muku yadda zamanmu yake. Akwai wani tebur a ƙarƙashin bishiyar mangwaro inda muke shan shayi lokacin hutun tara, kuma teburin nan ya rabu gida biyu tun kafin a kawo yawancinmu. Mafi yawanmu 'yan Asante Kotoko ne, domin a nan aka haife mu, muka tashi muna jin iyayenmu suna labarin Baba Yara wanda filin wasan garin nan yake ɗauke da sunansa, da Abdul Razak wanda ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a 1978, da kofin Afirka da aka ci a 1970 da 1983. Ɗaya gefen kuma mutum biyu ne kacal, malamin lissafi wanda ya zo daga Nima ta Ankara da wata malama, su 'yan Hearts of Oak ne. Mutum biyu ne, amma bakinsu ya fi na goma. Ba su gajiya da tuna mana watan Janairu na 2005, ranar da Hearts ta zo har gida ta ɗauke kofin Confederation a bugun fenariti, takwas da bakwai, muna ji muna gani.

Tun farkon zangon karatu muka yi wa 'yan aji shida alkawari cewa idan hunturu ya shigo za mu kai su tafkin Bosomtwe. Kowane yaro yana kawo ɗan abin da ya samu, ana rubutawa a littafi. Wasu daga kuɗin kokonsu suke ragewa, wasu kuma daga tallan ruwan leda bayan an tashi. Kuɗin mota ya kusa cika ke nan, sai wata iska mai ƙarfi ta ruwan ƙarshe ta yaye rabin rufin ajinsu da dare. Allah ya taimaka ba kowa a ciki. Muka rubuta takarda zuwa inda ya kamata, aka ce an karɓa, a saurara. Muka mayar da yaran ƙarƙashin mangwaro, iska tana kwashe musu takardu, ƙura tana shiga musu ido. Kowa kuma ya san cewa daga watan Maris ruwa zai dawo, kuma ruwan Kumasi ba ya jiran amsar takarda.

A nan ne muka rabu. Hedimasta ya ce a ɗauki kuɗin tafiya a sayi kwanon rufi, domin yawo ba ya gaba da karatu. Da yawa daga cikinmu muka goyi bayansa, kuma har yanzu ba mu ce bai yi gaskiya ba. Malamin lissafi shi kaɗai ya ƙi. Ya ce: "Ranka ya daɗe, kuɗin nan ba namu ba ne, na yara ne, kuma da sunan tafiya suka ba mu. In muka juya shi yau, gobe da wane baki za mu koya musu cewa alkawari kaya ne?" Aka yi kwana uku ba a shan shayi tare. Wani daga cikinmu har ya ce ai taurin kai gadon 'yan Hearts ne, maganar da bai kamata ba, domin duk mun san malamin nan yana cikin filin wasa na Ankara ranar 9 ga watan Mayu na 2001, ranar da aka harba hayaƙi mai sa hawaye a ƙarshen wasan Hearts da Kotoko, ƙofofi a rufe, mutum 126 suka rasu, da yawansu 'yan zango. Ya fito da rai, amma abokin da suka tafi tare bai dawo ba. Tun daga ranar bai sake shiga filin wasa ba, a rediyo yake bin ƙungiyarsa.

Shi ne kuma ya kawo dabara. Ya ce tunda gardamar ƙwallo ce abin da muka fi iyawa, a sa ta aiki. Muka samo manyan gwangwanaye biyu, aka shafa wa ɗaya jan fenti na Kotoko, ɗaya kuma ja da rawaya da shuɗi na Hearts, aka huda bakinsu, aka ajiye wajen mai shayin bakin layi, aka ce ranar Juma'a ta huɗu za a fasa a ga wa ya fi zuciya. Kwana biyu sai ga samarin gidan kallon ƙwallo sun zo da ƙorafi, wai an manta da su. Su ba ruwansu da Kotoko ko Hearts, wasan Ingila suke bi, wasu Chelsea tun zuwan Michael Essien a 2005, wasu kuma duk inda Mohammed Kudus ɗan Nima ya sa ƙafa nan suke. Muka yi dariya, muka ƙara gwangwani na uku.

Abin da muka gani ya ba mu mamaki, ya kuma ba mu kunya. Iyayen da muke aika wa takardar taron makaranta sau uku ba su zuwa, sai ga su da kansu suna tambayar wane gwangwani ne ya fi nauyi. Wani mahauci ya saka kuɗi a na Kotoko, da ya ji wani direba ya saka a na Hearts sai ya dawo ya ƙara. Mata masu sayar da waakye da tuwon zafi suka ce su ba su san ƙwallo ba, amma 'ya'yansu ne a ƙarƙashin mangwaro, suka raba nasu gida uku. Ranar da aka fasa, Kotoko ce ta zo ta ɗaya, samarin Ingila na biyu, Hearts ta ƙarshe. Sai dai kafintan da ya ɗauki aikin ɗan Hearts ne, ya ce tunda an kayar da su a gwangwani ba zai karɓi ko sisi na aikin hannu ba, a rubuta wannan ma a littafi.

Asabar biyu muka yi ana gayya. Kafinta ya koya mana abin da ba a koya mana a kwalejin horon malamai ba. Ya ce hunturu ne lokacin rufi, domin katako ya bushe, ba zai lanƙwashe daga baya ba. Amma siminti ba ya son wannan iska, yakan bushe da sauri ya tsattsage, saboda haka inda aka gyara saman bango sai an riƙa yayyafa ruwa safe da yamma har kwana bakwai. Yara suka ɗauki wannan aiki bi da bi. Hedimasta da malamin lissafi suka riƙe tsani ɗaya. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mu kuwa ranar nan muka ga fassararsa da idonmu.

Tafiya kuma aka yi ta. Tafkin Bosomtwe bai fi kilomita 30 daga Kumasi ba, amma cikin yaran nan da aka haifa a nan 'yan kaɗan ne suka taɓa ganinsa. Muka bi ta Kuntanase muka gangara zuwa ƙauyen Abono, hazo ya kwanta a kan ruwa har ba a ganin ɗaya gaɓar. Muka yi musu bayani cewa wani dutse ne ya faɗo daga sama fiye da shekara miliyan ɗaya da ta wuce ya haƙa wannan rami, ruwan sama ya cika shi, kuma babu kogin da yake fita daga ciki. Suka ga masunta a zaune kan faffaɗan katako suna tuƙi da hannu, bisa al'adar mutanen wurin. Wata yarinya da ba ta cika magana a aji ba ta tambaya da Hausa, in ruwa ba ya fita, me ya hana tafkin ambaliya? Muka ce rana tana shanye shi kamar yadda take shanye ruwan simintinmu. Ta ce to ashe lokacin hunturu raguwa yake yi. A hanyar dawowa muka tuna musu cewa kakanninmu fatake ma a irin wannan lokaci na rani suke tasowa da jakuna zuwa Salaga neman goro, wato fita da hunturu ba baƙon abu ba ne gare mu.

Ba za mu ɓoye muku ba, aikin bai ƙare ba. Kwanon da aka saya ya rufe aji shida kaɗai, na aji biyar yana yoyo a wuri uku, kuma amsar takardarmu har yau ba ta zo ba. Akwai kuma tambayar da ta tsaya mana a rai, wato me ya sa sai da sunan ƙwallo muka iya tara iyaye a kan abin da yake na 'ya'yansu. Mun sa ranar taron iyaye na gaba, kuma mun roƙi mai shayi ya riƙa sanarwa kamar yadda yake sanar da ranar wasa.

Gwangwanayen uku suna nan wajensa, an sake musu murfi. Duk wanda ya biyo ta layinmu, ya sha shayi ya zaɓi nasa. Malamin lissafi ya ce a gaya wa 'yan Hearts na Nima da Sabon Zongo cewa yana jiran agajinsu. Sai mun sake saduwa a wata mai zuwa.