Mun Zaɓi Ajin Ƙanana

 

Kowace shekara ana tambayar 'yan ajin ƙarshe abin da suke so su zama, a rubuta a wannan ɗan littafi. Bana mu biyar ne, mata uku da maza biyu, amsarmu ta zo iri ɗaya, shi ya sa muka haɗa takardarmu. Muna so mu zama malaman firamare. A firamaren ma ajin ƙanana muke so, CP1 da CP2, inda yaro ke koyon haɗa baƙi. Mun san wasu za su ce, "Duk karatun nan don ku ƙare a share wa yara majina?" To, ga dalilinmu.

Ku dubi yaron Bromakote mai shekara 6. A gida Hausa yake yi. Idan aka aike shi kasuwar Ajame, da Julanci zai yi ciniki. A bakin titi ya tsinci Nushi wajen yaran gbaka. Da asuba ko da yamma yana gaban malam da allonsa, wataƙila ya gama babbaƙu ya shiga farfaru. Ran da aka kai shi lakwal, mushe ya yi masa magana da Faransancin littafi, sai ya yi tsit. Daga nan a ɗauka bai san komai ba, a tura shi bencin baya. Alhali yaron nan yana riƙe da harshe uku, kuma ya riga ya gane babban sirrin karatu, cewa zane a kan allo yana ɗauke da sauti. Mu ma ta wannan ƙofa muka shigo, mun san nauyin shirun nan.

Tun 2015 doka ta tilasta kai kowane yaro makaranta a Kwaddibuwa, daga shekara 6 zuwa 16. Azuzuwa sun cika, alhamdu lillahi. Amma zama a aji daban, iya karatu daban. A 2019 an yi wani gwaji mai suna PASEC a ƙasashe 14 na Afirka masu aiki da Faransanci. A ƙasar nan, cikin yaran da ke gab da gama firamare, kusan kashi 40 cikin 100 ne kawai suka kai matakin da ake nema a karatu. Sauran sun yi shekara shida suna goyon jaka, amma takarda ba ta buɗe musu ba yadda ya kamata. Wanda bai iya karatu a CP2 ba, a CE1 lissafi ma zai gagare shi, don tambayar lissafin a rubuce take. Haka zai yi ta jan ƙafa har CM2, ya faɗi CEPE, a ce ba shi da kai, a kai shi shago.

Mun ga abin da idonmu. Shekara biyu ke nan, kowace Laraba da yamma muna tara ƙannenmu da 'ya'yan maƙwabta a zauren wani gida, muna duba kayensu. Akwai yarinyar da ke biya shafi guda tun daga sama har ƙasa ba tuntuɓe. Da muka rufe shafin muka rubuta mata kalma ɗaya daga ciki a allo, sai ta tsaya kallonmu. Ashe hadda ta yi, kunnenta ne ya yi aikin. Yaranmu sun ƙware a hadda, kuma baiwa ce babba, amma tana iya ɓoye yaron da bai iya karatu ba har shekara uku, musamman a ajin da yara suka yi wa malami yawa, kowa na amsawa da murya ɗaya.

Abin da ya buɗe mana hanya yana cikin makarantar allo. Muka rubuta ba'un da wasali bisa, ta ce "ba". Wasali ƙasa, ta ce "bi". Rufu'a, ta ce "bu". Sai muka rubuta su da baƙin boko a gefe, muka ce mata ai abin nan ne dai, sai dai a nan wasalin yana zama kusa da baƙin, kuma daga hagu ake farawa. Ta yi dariya ta ce, "Wai shi ke nan?" Kafin Magariba tana haɗa ma, mi, la, li da kanta. Daga baya muka lura da wuraren da yaranmu ke yawan tuntuɓe. Suna rikita b da d. Ba mu da p da v a Hausa, don haka sai an koya wa baki da kunne kafin a kai ga hannu. Faransanci kuma yana rubuta sauti ɗaya ta hanyoyi da yawa, kamar o da au da eau, ga baƙaƙen ƙarshen kalma da ake rubutawa ba a faɗa. Malamin da ya san Hausa da allo zai hango waɗannan ramuka kafin yaro ya faɗa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma sai wanda ya san irin iccen.

Mun binciki hanyar. Malaman firamare na gwamnati daga CAFOP suke fitowa, akwai a Grand-Bassam, akwai a Dabou, da wasu garuruwa. Da gasa ake shiga, ana neman takardar BEPC da cikar shekara 18, sannan a yi karatu a kuma yi gwajin koyarwa a aji. Akwai sharaɗi ɗaya mai nauyi, sai ɗan ƙasa. Mu biyar duka a Abijan aka haife mu, uku a Ajame, biyu a Tireshbil, amma haihuwa a nan kaɗai ba ta ba mutum takardar ɗan ƙasa. Biyu daga cikinmu takardun Nijar iyayensu ke riƙe da su. Su sai dai makarantun horon malamai na Maraɗi ko Tawa ko Damagaram, ko kuwa su koyar a madarasa da makarantu masu zaman kansu. Wannan ƙofar ba ƙarama ba ce. An daɗe ana aikin shigar da makarantun Islamiyya cikin tsarin ilimin ƙasa, kuma duk makarantar da ta shiga tana buƙatar wanda zai iya riƙe ajin Faransanci ba tare da ya raina na Larabci ba.

Iyayenmu, mun ji maganarku kuma akwai gaskiya a ciki. Baban ɗayanmu ya ce, "Ɗana, abin da mushe zai jira wata guda, mai garba da kasuwa ta karɓe shi ba ya jiran haka." Mamar ɗayarmu ta ce, "In an tura ki wani ƙauye can ƙurya fa, wa zai kula da ke? Auren fa?" Ba mu da amsar da za ta share waɗannan duka. Albashin ba zai sa mu gina bene ba, kuma inda aka tura sabon malami nan zai je. Abin da muke iya cewa shi ne, Baba, kai ma da takardar haya ko ta asibiti ta zo, yaro kake nema ya karanta maka. Wanda ya koya wa yaron nan haɗa baƙi, ɗan wani ne, iyayensa suka haƙura suka bar shi ya yi.

Don haka muna roƙon abu uku. Ku ba mu 'yan shekarun nan mu yi karatun, har da mu mata. Ku yi wa kowane jariri takardar haihuwa da wuri, don kada ran rubuta CEPE a shiga neman ta. Sannan idan yaro ya dawo daga lakwal, ko ba ku jin Faransanci, ku ce ya nuna muku kalma da yatsa ya faɗe ta, ku sake nuna masa wata a tsakiyar shafi. Nan take za ku gane ko karatu yake ko hadda.

'Yan ajin da ke bin mu, zauren Laraba yana nan, yara sun kai ashirin, allo ɗaya ne da alli. Muna neman mutum huɗu da za su karɓa idan makaranta ta koma. Wanda ke so ya same mu kafin hutu.