Idanun Roba: Wasan Da Ke Buƙatar Idon Uwa

'Yar'uwa, kin san ƙananan idanun roban nan masu baƙar ƙwaya da ke rawa idan an girgiza su? Manna biyu a jikin ludayi ko lemo, ki ajiye wa yaranki. Kafin ki juya ludayin ya samu suna, har ana yi masa faɗa don ya ƙi cin tuwo.

Haka Allah Ya yi ƙwaƙwalwarmu, kullum fuska take nema. Ko jariri sabuwar haihuwa ya fi bin abin da ya yi kama da fuska da kallo. Ƙwayar idon kuma a sake take, ɗaya ta kalli gabas ɗaya yamma, dole ki dara. Manya ma ba su tsira ba: a 2024 hukumar sufurin birnin Boston a Amurka ta manna wa wasu jiragen ƙasanta irin idanun nan, bayan mutanen gari sun fito sun roƙa.

A ɗakin yara na asibiti, na sha ganin yaron da ke tsala ihu ya yi tsit don an manna wa robar ƙarin ruwansa idanu, an ce masa ita ma jinya ta zo.

Sai dai wasu idanun ba su kai ƙwayar wake ba, yaron da bai kai shekara 3 ba kuwa komai baki yake kaiwa, ko hanci, ko kunne. A bar wasan ga yayyensa, a tsince wanda ya faɗi. Idan ya shige hanci, kada ki zaƙulo da tsinke, ki kai shi asibiti. Idan jariri ɗan ƙasa da shekara ya shaƙe har kuka ya gagara, kifa shi a hannunki, kansa ya yi ƙasa, ki buga tsakanin kafaɗunsa sau 5 da tafin hannu, wani kuma ya nemo abin hawa.

Kyanwar gida fa? Hotunan da kike gani a Instagram suna da ban dariya, amma gam yana tuge mata gashi, kuma tana iya lashe idon ta haɗiye. Ki manna idanun a kwalin da take kwana ciki, ko ki ɗauki hotonta ki ɗora mata su a waya.

Ki sayo manya-manyan, ki zauna tare da yaran, in an tashi ki ƙirga su ki rufe a gwangwani.