Kwamfuta da Saƙar da Ke Jiran Tsuntsu

Ranar 15 ga Janairun 2009, jirgin sama ƙirar Airbus A320 ya tashi daga Niyok, ya ci karo da garken dinya, injinansa biyu suka mutu, matuƙinsa ya sauke shi a kogin Hudson. Mutum 155 da ke ciki duka sun tsira. Duk injiniyan da ke ƙera fankar gaban injin jirgi yana kwana da irin wannan rana a ransa, domin ruwan fankar ne ke fara karɓar dukan tsuntsu.

Injin LEAP na kamfanin CFM, haɗin gwiwar GE ta Amurka da Safran ta Faransa, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2016, ruwan fankarsa 18 ne, kuma saƙa su ake yi. Zaren kabon ne, kowane sili ya fi gashin kai siranta ninki goma ko kusa da haka, a haɗa dubbai su zama zare ɗaya. Masaƙa irin ta Jacquard, jikar wadda aka ƙera a Faransa a farkon ƙarni na 19, ita ke sarƙa shi tsaye da kwance da kuma cikin kauri, sannan a ɗura masa danƙo ya daskare.

Dalilin saƙar a fili yake. Idan aka shimfiɗa zare hawa-hawa aka manne kawai, duka ɗaya na iya raba hawa da hawa daga ciki, fuskar kuwa tana nan sumul. Zaren da ya ratsa kauri shi ke hana wannan ɓarewa. Amma kowane riba da kuɗinsa: zaren da ya hau wani ya sauka ya lanƙwashe, lanƙwasasshen zare kuma yakan gaza da wuri idan aka danne shi.

A nan aikin kwamfuta ke shigowa. Ƙarfe yakan tsage a wuri ɗaya, tsagar ta yi ta tsawo. Saƙa kuwa mutuwarta daki-daki ce. Danƙo ne ke fara tsattsagewa a cikin zaren da ke kwance, sai zare ya saki danƙon da ke riƙe da shi, daga ƙarshe zaren tsaye su tsinke. Injiniya kan ɗauki hoton cikin saƙar da na'urar CT, irin ta asibiti, don ya ga yadda zaren suka kwanta da gaske. Sai ya yanka siffar a kwamfuta ƙanana-ƙanana, dubbai ko miliyoyi, kowane yanki da lissafin nauyin da yake ɗauke da shi. Yankin da ya wuce iyakarsa, sai kwamfuta ta rage masa ƙarfi, nauyinsa ya koma kan maƙwabta, ta sake lissafi. Haka ɓarnar ke yaɗuwa a allo kamar yadda take yi a zare.

Ina iyakar take? Tsai da Wu sun ba da ƙa'idarsu a 1971, Hashin ya kawo tasa a 1980, wadda ke bambanta karyewar zare da ta danƙo. Daga baya wasu masana a Birtaniya, Hinton da Kaddour da Soden, suka ba masu ƙa'idoji matsaloli iri ɗaya ba tare da sun nuna musu sakamakon gwaji ba. Da aka tattara amsoshin a littafi a 2004, babu ƙa'idar da ta ci dukan tambayoyin, kuma wannan a kan shimfiɗaɗɗen zare ne, wanda ya fi saƙa sauƙin lissafi. Akwai wani tarkon ma: idan ba a yi hattara ba, ƙanƙanta yankunan kawai na iya sauya amsar, abin da ya sa ake ɗaure lissafin da yawan kuzarin da tsaga ke ci, bisa hanyar da Bazant da Oh suka wallafa a 1983.

Kamfanin Boeing ya ɗanɗana wannan a shekarar 2009, lokacin da gwajin lanƙwasa fiffiken 787 ya nuna rauni a mahaɗar fiffike da gangar jirgi, fiye da abin da lissafi ya hango. Aka ɗage tashin farko zuwa Disamba.

Shi ya sa hukumomin sufurin sama har yau ke neman a harba gawar tsuntsu cikin injin da ke gudu, a kuma tsinke ruwan fanka ɗaya da gangan, a ga ko murfin injin zai tare shi. Kwamfuta tana rage yawan samfurin da za a fasa, tana nuna inda ya kamata a duba. Injiniyan kirki kuwa ba ya sa hannu sai ya ɗora tarkacen gwaji kusa da hoton allo, ya ga tsagar ta bi inda lissafi ya ce za ta bi.