Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

Duk lokacin da na dubi al'amarin ɗaliban da ke yi wa jami'o'in Amurka wasanni, karin maganar nan ce ke faɗo mini a rai. Shekara da shekaru hukumar wasanninsu, NCAA, ta tsaya kai da fata cewa ɗalibi ba ma'aikaci ba ne, karatu kyauta ya ishe shi lada. Alhali kuwa a 2016 gidajen talabijin sun amince su biya ta dala biliyan 8.8 domin nuna gasar ƙwallon kwando har shekara 8. Masu horarwa suna kwasar miliyoyi, yaron da ya karye kuwa ya koma gida yana ɗingishi.

A 2021 alƙalan Kotun Ƙoli su 9 suka ba hukumar rashin gaskiya kan ƙayyade tallafin karatu. A 2025 kuma aka yarda jami'a ta raba wa 'yan wasanta har dala miliyan 20.5 a shekara.

A ganina lalle an yi daidai, gama gumi ba ya zama sadaka dole. Fargabata ɗaya ce: wanda aka biya domin fili, wa zai neme shi a aji? A ba shi haƙƙinsa, a kuma tsare masa karatunsa, domin ƙarfin samartaka baƙo ne.